Sikila: Tsakanin Sauro da Dokar Aure

Bahaushen da ke sayar da albasa a Anacha yana zaune ne a ƙarƙashin dokar Jihar Anambra, ko ya sani ko bai sani ba. A 2019 majalisar dokokin jihar ta amince da dokar da ta ce kada iyaye ko waliyyi su aurar da ɗa ko 'ya, kada kuma wata cibiyar addini ko ofishin rajista su ɗaura aure, sai an nuna takardar gwajin jinotayif. Wanda ya saɓa, tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara uku. Idan mutumin ya ce bari ya tafi gida a ɗaura a can, to a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar Kano da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, kuma jinotayif yana cikin abin da ake dubawa. Mahaucin Trans-Amadi a Fatakwal da dillalin shanun Gariki a Inugu su ma sun san zancen, ko da daga bakin maƙwabtansu ne, domin majami'u da yawa a kudu sun daɗe ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda, wasu ma in suka ga AS da AS sai su ce a nemi wani wuri.

Yin gwajin kansa ya kusa fita daga jerin abin gardama. Inda ake kai ruwa rana shi ne bayan takarda ta fito. Saurayi AS, yarinya AS, an kai gaisuwa, an sa rana. Hukuma ko liman su hana, ko kuwa a faɗa musu gaskiya a bar musu zaɓi?

Kafin a ji bakin kowane ɓangare, sai an san abin da haruffan nan suke nufi, don yawancin rigimar daga rashin saninsu take tasowa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Umarnin yadda za a ƙera shi yana rubuce a ƙwayar gado, kuma kowane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kwafin da aka saba shi ne A. Akwai wani da ya bambanta da shi da harafi ɗaya tak a rubutun gadon, shi ne S, kuma Vernon Ingram ne ya gano bambancin da wannan ke haifarwa a jikin himogulobin, a Kambirij a 1956. Mai AS yana da lafiyayyen kwafi guda da ke ɗauke masa nauyi, yawanci zai rayu har ya tsufa bai san yana da komai ba. Mai SS, wato mai sikila, ba shi da madogara. Da zarar iska ta yi ƙaranci a jininsa, ƙwayoyin sai su ƙage su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Daga nan ne ƙarancin jini, da idanu masu ɗorawa, da ciwon ƙashin da ke sa babban mutum kuka, da shanyewar ɓarin jiki a yaro ɗan shekara shida.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kashi biyu AS, kashi ɗaya AA. Kowane ciki ne, a kan kansa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa in an haifi huɗu, ɗaya ne zai zo da ciwon, saboda haka in na fari ya zo da shi an biya bashi. Ba haka ba ne. Cikin na biyu bai san abin da ya sami na fari ba. Akwai gidan da aka haifi bakwai babu mai sikila ko ɗaya, akwai wanda aka haifi uku duka masu ita, kuma kowane ɓangare na muhawarar yana da gidan da yake kafa hujja da shi.

Masu cewa a hana suna da hujjar da ba a iya kauda kai daga gare ta, wato yaron da ba a shawarta ba. Saurayi da budurwa za su ce sun ji sun gani, sun yarda da ƙaddara, amma ba a ƙashinsu ciwon zai sauka ba. An ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kaso mai yawa ba sa kai shekara biyar inda babu kulawa. Masu wannan ra'ayi sukan ce ka je ɗakin yara a Asibitin Murtala a Kano, ko asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla kusa da Inugu, ka zauna dare ɗaya da uwar da ke neman wanda zai ba da jini, sannan ka dawo ka yi maganar 'yancin zaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma daga cikin masu tsananin goyon bayan hani akwai iyayen masu sikila da masu sikilar kansu.

Ga baƙon da ke ci-rani a kudu abin ya fi nauyi. A Kano ko Sakkwato, in yaro ya tashi da ciwo tsakar dare akwai kaka, akwai goggo, akwai ƙanen miji da za a ɗebi jininsa. A ɗakin haya na Fatakwal daga mace sai mijinta, shi kuma in bai fita kasuwa ba ranar ba a ɗora tukunya. Abin da ya fi faruwa shi ne a mayar da uwa da yaro gida, auren ya koma na waya, wani lokaci ya mutu, a bar ta da jinya. Suka ƙara da cewa a al'adarmu sau da yawa ba yarinyar ce ke da ta cewa ba. In ba doka ta tsaya mata ba, baffan da ya riga ya yi alkawari zai ce ai Allah ne mai tsarewa, a ɗaura. Auren zumunci kuma, wanda mazauna nesa suke ƙara riƙewa don kada 'ya'ya su ɓace a ƙasar wasu, yana ƙara yiwuwar S ɗin kaka ɗaya ya haɗu da kansa a jikoki. Ta fuskar addini sukan kawo ƙa'idar malaman fiƙihu ta cewa ana kawar da cuta, kuma shugaba yana da ikon taƙaita halal in maslaha ta bukata.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga mai hankalin da zai raina shi ba. Amma akwai wani alkawari da ake liƙa wa dokar, cewa da ita za a kawar da sikila daga ƙasa. Nan ne ilimin halitta yake da abin faɗa, kuma abin da yake faɗa bai yi wa masu wannan alkawari daɗi ba.

Tambayar da ta dami masana tun farko ita ce: ƙwayar gadon da ke kashe mai kwafi biyu tun yana yaro, kafin ya haihu, me ya hana ta ƙarewa da kanta? Ya aka yi har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da ita? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsa a 1954. Ya lura cewa S ya fi yawa a bakin teku da gefen Tafkin Biktoriya inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ya yi ƙaranci a kan tsaunuka inda babu shi, ya kuma nuna cewa yara masu AS sun fi tsira. Binciken baya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari daga zazzaɓi mai tsanani, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙarar da jini. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓin, amma da wuya ya kai shi kabari.

Ba sai an je Gabashin Afirka ba. A ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro na duniya, a Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya. Alan Fleming da abokan aikinsa suka duba jinin mutanen ƙauyukan, suka wallafa sakamakon a 1979. A cikin jarirai, kusan 2 cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya sai an tona kafin a sami guda. Masu AS kuwa kusan 24 cikin ɗari ne a jarirai, amma a waɗanda suka wuce shekara biyar sun kai kusan 29. Babu yaron da jininsa ya canja. Abin da ya faru shi ne mutuwa ta tace su: sikila ta ɗauke masu SS, zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA, na tsakiya suka ƙaru a cikin waɗanda suka rage. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da zaɓin yanayi. Na san da yawa daga cikinmu da an ambaci Darwin sai a ɗaure fuska, a tuna zancen biri. To nan babu biri, lissafin 'ya'yan Garki ne, wanda kowa zai iya bi da alƙalami.

Shi kuma sauron, mu muka gyara masa wuri. Frank Livingstone ya kawo hujja a 1958 cewa yaɗuwar noma a Yammacin Afirka, da sare daji, da zama wuri ɗaya, su suka samar da ƙananan kwatamai masu samun rana waɗanda sauron Anofilis ya fi son yin ƙwai a ciki, ga kuma mutane a tare da zai ciza. Charles Rotimi, ɗan Najeriya masanin ƙwayoyin gado da ke aiki a Amurka, shi da Daniel Shriner sun ƙiyasta a 2018 cewa S ya ɓulla sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyayi. Wasu masu binciken sun kai shi baya fiye da haka. Har yau yanayin da ke taimakon sauro a ƙasarmu bai sauya ba. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, sauro ba ya hutu; a arewa damina gajera ce amma zazzaɓinta mai zafi ne, ga kududdufai, ga noman rani da ya tsawaita masa kaka. Sawun tayar tirela a Trans-Amadi da ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari duk aiki ɗaya suke yi masa.

Yanzu a ɗauki alƙalami. Idan ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana aure ba tare da dubawa ba, aure ɗaya cikin 16 zai zama AS da AS, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS: jariri ɗaya cikin 64 ke nan, kusa da abin da aka gani a Garki. Amma ina S ɗin yake zaune? In ka ƙirga kwafin S da ke cikin jarirai ɗari, kusan shida cikin bakwai suna jikin masu AS ne, lafiyayyu. Ka hana AS auren AS, zai auri AA, rabin 'ya'yansa su zo AS. Ba a rage ko ɗaya ba. Hasali ma hanyar da S ke fita daga al'umma ita ce mutuwar masu SS, kuma ita ce dokar take son toshewa, alhali sauro yana nan yana fifita masu AS. Saboda haka dokar za ta iya rage haihuwar masu ciwo, wanda ba ƙaramin alheri ba ne, amma sai an ci gaba da ita a kowane zamani har illa masha Allahu. Baƙaƙen Amurka, bayan ɗaruruwan shekaru da cuɗanya da wasu jinsuna da kuma raguwar zazzaɓi, har yanzu kusan ɗaya cikin 13 yana ɗauke da S.

Masu adawa da hani suna da wasu hujjojin da ba na lissafi ba. Ta farko ita ce takardar kanta. Duk wanda ya yi hulɗa da ƙananan ɗakunan gwaji a ƙasar nan ya ji labarin wanda aka ce masa AA a nan, AS a can. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sakamakonsa yakan ruɗe. Akwai kuma wasu nau'o'in, kamar C wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana da ƙasar Yarabawa, wanda in ya haɗu da S shi ma ciwo ne, ga talasimiya, wani ciwon jini na gado da gwajin da aka saba ba ya kamawa da kyau. Idan sakamako shawara ce, mutum zai so na gaskiya, har ya maimaita a wani wuri. Idan kuwa sakamako ne zai hana shi matar da yake so ko ya kai waliyyi kurkuku, to an buɗe kasuwar takardun bogi, kuma mun san ƙasarmu. Ɗan ci-rani ma ba ya bukatar bogi: motar dare ɗaya ce tsakaninsa da jihar da babu dokar, ko ƙauyen da babu mai tambaya.

Ta biyu ita ce tabo. An gwada a wani gari mai suna Orkomenos a Girka, aka yi wa kowa gwaji, bayan shekaru aka koma aka tarar masu ɗauke da S sun zama abin gudu a wajen neman aure, har iyalai suna ɓoyewa. A Amurka a shekarun 1970 wasu jihohi sun wajabta gwaji ga baƙaƙe, sakamakon ya zama hana aiki da tsadar inshora ga mutanen da lafiyarsu ƙalau, kuma makarantar horar da hafsoshin sojan sama ba ta daina ƙin masu AS ba sai 1981. A wurinmu an san wanda tabon zai fi kamawa. Namiji AS zai nemi wata, har ya ƙara. Yarinyar da aka fasa aurenta ana saura mako biyu, gari zai ce tana da ciwo a jini, ba mai tsayawa ya tambayi wane harafi. Ina kuma ga wadda take SS, ta yi ta fama har ta girma ta yi karatu? AA kaɗai ya dace da ita, shi kuma danginsa suna ce masa me ya kai ka. Malaman da ke wannan ɓangare suna tunatar da cewa aibobin da Malikiyya ta ba da zaɓin raba aure a kansu sanannu ne, irin su hauka da kuturta da albaras, kuma mai AS ba marar lafiya ba ne balle a ce aibi gare shi.

Abin lura, ƙasashen da suka fi cin nasara ba su bi ta hani ba. A Saifurus, tun 1983 cocin Otodoks take neman shaidar cewa an yi gwajin talasimiya an kuma sami bayani, ba ta tambayar sakamako. Gaskiya ne nasararsu ta dogara ƙwarai ga gwajin ciki da zubar da shi, abin da yawancin mutanenmu, Musulmi da Kirista, ba za su karɓa ba. Saudiyya ta fi kama da mu. Ta wajabta gwaji a 2004, amma ta bar wa ma'aurata zaɓi. A shekarun farko kusan tara cikin goma na waɗanda jininsu bai dace ba sun yi aurensu duk da haka, dalili kuwa gwajin yana zuwa ne bayan an gama komai. Cikin 'yan shekaru masu fasawa da kansu suka kai kusan rabi, yayin da mutane suka fara ganewa suna kuma yin gwajin da wuri. Mai goyon bayan hani zai ce to ga rabi nan sun yi auren, 'ya'yansu fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsar da ake da ita ba ta cika gamsarwa: hani ma ba zai kama wannan rabin ba, zai kore su ne daga idon likita.

Sai batun da duka ɓangarorin suke yawan mantawa, wato yaron da an riga an haifa. A da, a ƙasar Ibo, yaran da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗaki guda ana ɗaukarsu ogbanje ne, ruhu ɗaya mai tafiya yana dawowa, kamar yadda mu ma muke da wabi, kuma masu bincike sun nuna cewa da yawa daga cikin irin waɗannan yara sikila ce. Yau an san abin yi, kuma mafi yawansa ba mai tsada ba ne: gwaji tun ana jariri, fenisilin kullum, allurar rigakafi, gidan sauro, maganin kariya daga zazzaɓi, da koya wa uwa taɓa saifa. Inda ake yin haka, kamar Ingila, fiye da tara cikin goma suna girma. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun nuna cewa ana iya duba jijiyoyin kan yaro da na'ura a gano wanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare shi, a kare shi da ƙwayar haidiroksiyuriya. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Binin a 2011. Maganin gyaran ƙwayar gado, Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu, don haka a ajiye zancensa tukuna. Ina zargin cewa abin da ya sa 'yan majalisa suke son dokar tara da ɗauri shi ne ba ta cin ko kwabo a kasafi, alhali gwajin jarirai da magani kyauta suna ci.

Ni dai ina tare da wajabta gwaji, ba na tare da ɗaure liman ko waliyyi saboda sakamako. Kuma ina ganin lokacin da dokokin biyu suka zaɓa shi ne mafi muni, wato bakin ɗaurin aure, bayan an haɗa lefe, zuciya ta riga ta kama. A yi shi ranar da aka kai jariri rigakafi, a maimaita a firamare ko Islamiyya a ɗakin gwajin da aka amince da shi, ta yadda tun ranar da baffa ya je tambaya za a iya yin maganar a cikin sirri, kafin gari ya ji. Mazauna kudu suna da abin da zai sauƙaƙa wannan: akwai Sarkin Hausawa, akwai ƙungiyoyin mahauta da na 'yan albasa da na dillalan shanu masu karɓar kuɗin ƙungiya, akwai masallacin Juma'a da ke tara kowa. Samarin da ke tura baro a kasuwa, waɗanda ke komawa gida da Babbar Sallah a ɗaura musu aure cikin mako ɗaya, ta nan kaɗai za a same su da wuri.

Wuri ɗaya ne nake ganin masu hani sun fi ni hujja, wato inda yarinya ba ta da bakin cewa a'a. Barin zaɓi ga ma'aurata ba shi da ma'ana in waliyyi ne kaɗai ya ga takardar. Don haka ko da ba a hana auren ba, dole ne ma'aikacin lafiya ya zauna da ita, ita kaɗai, ya yi mata bayanin ɗaya cikin huɗu a kowane ciki da harshen da take ji, kuma in ta ce ta fasa, liman ya tsaya a kan maganarta ko da baffanta ya riga ya karɓi sadaki.